Wasiƙa ga Auwalu a kan Robin Hood da mutanen daji

Kano,
daren Lahadi.

Ɗana Auwalu,

Yaya ta zo mana wuni ranar Juma'a, ta ce kun kusa fara jarrabawa. Allah ya ba da sa'a.

Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi ya fi sau uku. Ka ce ka kunna fim ɗin Robin Hood da na tura maka, amma da aka zo inda mutanensa suka diro daga kan bishiyoyi suka tare ayari, sai ka kashe. Dalilinka shi ne mahaifin abokinka ya yi kwana arba'in a hannun masu garkuwa da mutane, sai da aka sayar da gona da shanu kafin ya dawo cikin iyalinsa. Ka ce mini, "Kawu, yaya mutum irinka zai zauna yana tafa wa ɗan fashin daji?" Ban ba ka amsa a waya ba domin maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka fara jajanta mini wa abokin naka. Allah ya mayar musu da alherinsa, ya kiyaye gaba. Kai kuma ban ga laifinka ko kaɗan ba, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tambayarka ma ta hana ni barci, ta sa na koma na auna abin da na yi shekara talatin ina so ba tare da na taɓa tuhumarsa ba.

Bari in gaya maka yadda muka haɗu da shi. Ina saurayi, wani tela a layinmu yana da bidiyo, bayan sallar isha yakan fito da talabijin zaure mu cika tabarma, yara a gaba, manya a kan benci. A nan na fara ganin Robin Hood: Prince of Thieves, wanda ya fito a 1991, Kevin Costner ne jarumin. Fim ɗin ya buɗe a wani kurkuku a birnin Ƙudus a shekarar 1194, inda Robin ya tsere tare da wani Musulmi baƙar fata mai suna Azeem, wanda Morgan Freeman ya fito a matsayinsa. Da Azeem ya yi alkawarin ba zai rabu da Robin ba sai ya ceci ransa kamar yadda shi ma ya cece shi, zauren ya yi tsit. Wani dattijo da ke bayana, wanda ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, wannan ai namu ne." Da suka isa Ingila Azeem ya rasa rana a sama har yana neman gabas don ya yi salla, sai dattijon ya shiga yi masa gyara daga kan benci, yana cewa ba haka ake yi ba. Gaskiyarsa kuwa, masu fim ɗin ba su san sallar ba. Duk da haka mun ji daɗi har cikin ranmu, domin a finafinan Turawa na wancan lokaci mun saba ganin mai rawani a matsayin bos ko yaron bos. Ga shi yau shi ne mai ilimi, mai cika alkawari, shi ya karɓi haihuwar matar Little John, ɗaya daga cikin mutanen Robin, lokacin da naƙuda ta zo da gardama kowa ya rasa dabara. Daga baya na gane madubin hangen nesan da ya riƙe bai zo duniya ba sai wajen 1608, na kuma gane tun kafinsa wani shirin talabijin na Ingila, Robin of Sherwood na 1984, ya riga ya sa Balarabe mai suna Nasir cikin mutanen Robin. Sanin haka bai rage mini ƙaunar Azeem ba.

Ka tuna wurin da karnuka suka koro wani yaro ya haye bishiya saboda ya kashe barewa? Wannan bishiya ta gaske ce, ita kaɗai a tsakanin tudu biyu, jikin tsohuwar ganuwar Hadrian da Rumawa suka gina a arewacin Ingila. Saboda fim ɗin mutane suka riƙa yin tattaki don ganinta, har wasu mutum biyu suka sare ta cikin dare a watan Satumba na 2023, kotu ta ɗaure kowannensu fiye da shekara huɗu. Ka riƙe yaron nan da barewarsa a ranka, domin amsar tambayarka daga kansa take farawa.

Tun da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, sarakunansu suka keɓe manyan dazuzzuka suka mai da su gandun farautarsu. Barewar da ke ciki ta sarki ce. Talakan da yunwa ta sa ya harbe ta yana iya rasa idanunsa ko wata gaɓa tasa, ko ma ransa, sai a 1217 aka yi dokar da ta hana kisa da yanke gaɓa a kan naman daji. Akwai kuma wani hukunci da ya fi ɗauri tsanani. In kotu ta yi ta kiran mutum bai bayyana ba, sai a fitar da shi daga inuwar doka: a ƙwace dukiyarsa, kuma duk wanda ya kashe shi ba a bin kadin jininsa. Sukan ce irin wannan mutum yana ɗauke da kan kyarkeci. To, wannan shi ne matsayin Robin a labarin. Hukuma ce ta halatta jininsa, dajin Sherwood ya zame masa mafaka.

Babu fim ɗin da ya nuna wannan kamar The Adventures of Robin Hood na 1938, wanda har gobe shi ne gwanina. Kamfanin Warner ya kashe masa wajen dala miliyan biyu, kuɗi mai yawan gaske a lokacin, aka ɗauke shi da launi tun yawancin finafinai suna fari da baƙi, dajin kuma wani lambu ne a garin Chico na Kalifoniya. Errol Flynn ne Robin. Akwai wurin da ba na gajiya da maimaitawa: Yarima John da manyan fadawansa suna tsakiyar liyafa, sai ga Robin ya kutso da barewar sarki a saɓe a kafaɗa, ya buge masu gadi da ita, ya tako har gaban yariman ya jefa ta a kan tebur. Ya zauna, ya yagi nama, ya dubi tsabar idon John ya gaya masa cewa yana zaluntar talakawa kuma zai tara jama'a su yaƙe shi. Shi kaɗai, tsakiyar takubba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai iko bakinsa ya yi nauyi, ya koma gida yana ta maimaita abin da ya kamata ya faɗa, ya san abin da ke sa mutane tafi a wannan wuri.

Aikin da aka zuba a ciki ma abin a yaba ne. Kiban da kake gani suna cakewa a ƙirjin sojoji na gaske ne. Wani gwanin baka mai suna Howard Hill ne yake harbinsu, su kuma suna sanye da farantin ƙarfe da katako mai taushi a ƙarƙashin riga. Basil Rathbone, wanda ya fito a Sir Guy, abokin gabar Robin, ƙwararre ne a wasan takobi, shi ya sa karawarsu ta ƙarshe a kan matakala, inuwarsu tana rawa a jikin ginshiƙi, ta zama abin koyi ga 'yan baya. Olivia de Havilland ce Marian, masoyiyar Robin, ta yi tsawon rai har 2020, tana da shekara 104. Shi kuwa Flynn, haifaffen tsibirin Tasmaniya, shaye-shaye da holewa suka cinye shi, ya mutu a 1959 yana ɗan shekara 50. Na faɗa maka wannan don ka riƙa raba jarumi da rigar da aka sa masa. Ni Robin ɗin da Flynn ya nuna nake so, rayuwar Flynn kuwa abin tausayi ce da ɗaukar darasi.

Yanzu ga abin da zai ba ka mamaki: maganar kuɗin fansa tana tsakiyar wannan fim, kuma daga tarihi aka ɗauko ta. Sarki Richard, wanda ya hau gadon Ingila a 1189, ya tafi yaƙi da Salahuddin al-Ayyubi. A hanyarsa ta dawowa, ƙarshen 1192, Leopold na Ostiriya ya kama shi ya miƙa wa Sarki Henry na Shida na Jamus, aka yanka masa fansar mark 150,000 na azurfa. Don a haɗa kuɗin sai da aka karɓi kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mutane suke samu, aka kwashe har kwanonin azurfa na majami'u, kafin a sake shi a farkon 1194. A cikin fim ɗin, John yana tatsar haraji da sunan fansar wansa alhali aljihunsa yake nufi. Da Robin ya ƙwace ayarin dukiyar, irin wurin da ya sa ka kashe naka kallon, sai ya tambayi mutanensa ko a raba musu, suka amsa baki ɗaya cewa a ajiye don fanso sarki. Sannan ya ja Marian ya nuna mata waɗanda yake ciyarwa a ɓoye: waɗanda aka ƙona wa gidaje, waɗanda aka azabtar, gwauraye da marayu. Fadawan da ya kama kuwa bai taɓa lafiyarsu ba, ya ciyar da su, ya tuɓe musu kayan alfarma, ya sallame su a ƙafa cikin tsumma.

Zuwa nan za ka ce ina kare shi ne. Saurara, akwai ɗaya gefen, kuma a nan gaskiya tana wajenka.

Babu wanda ya tabbatar da cewa an yi wani mutum guda da shi ne Robin Hood. An fara ambaton waƙoƙinsa a rubuce wajen 1377, kuma a tsofaffin waƙoƙin shi ba ɗan sarauta ba ne, sarkin da ake ambata ma Edward ne, sai daga baya marubuta suka mai da shi zamanin Richard. Hannun mutanensa kuma ba tsarkakakke ba ne. A ɗaya daga cikin waƙoƙin mafi tsufa sun kashe wani malamin majami'a, suka haɗa da ƙaramin yaron da ke yi masa rakiya don kada ya tona musu asiri. Waɗanda kuwa tarihi ya tabbatar sun zauna a dazuzzukan Ingila, ga misalinsu: 'yan gidan Folville, 'yan'uwa ne daga yankin Leicestershire, sun yi shekaru suna kisa da fashi, har a 1332 suka sace wani babban alƙali, Sir Richard Willoughby, ba su sake shi ba sai da aka biya mark 1,300. Ka ga ke nan mutanen daji na gaske a wancan zamani ba su da wani bambanci da waɗanda suka ɗauke mahaifin abokinka. Robin ɗin da ke raba wa talakawa dukiya, jama'a ce ta yi ta wanke shi ƙarni bayan ƙarni, tana cire abin da ta ƙi tana ƙara abin da take marmari, har ya zo hannun masu fim fes.

Shi ma sarkin kirkin da ake jira, tarihi bai wanke shi ba. Cikin shekara goma na mulkinsa, zaman Richard a Ingila bai wuce wata shida ba. A birnin Akka kuma, a 1191, ya sa an karkashe fursunonin Musulmi wajen 2,700 a fili. Finafinan suna tafiya ne a kan karin maganar nan tamu, ba a mugun sarki sai mugun bafade, sai su ɗora komai a kan John da Hakimin Nottingham. Ka dubi yadda Alan Rickman ya fito a hakimin a 1991, yana huci yana zare ido, har ya shafe Costner a idon masu kallo da yawa ya kuma ci kyautar BAFTA. In bos ya kai haka muni, wa zai tsaya tambayar laifin wanda ya tafi ya bar gari a hannunsa?

Amma akwai waɗanda suka tambaya, su ne kuma suka fi zama a raina yanzu da furfura ta fara fito mini. Ko a fim ɗin 1938, lokacin da Richard ya dawo a ɓoye cikin rigar malamin majami'a, Robin bai san shi ba ne ya gaya masa cewa laifin na sarki ne, domin aikinsa ya zauna ya kare jama'arsa, sai ya tafi yaƙi a ƙasar wasu. A na 2010, wanda Ridley Scott ya ba da umarni, Russell Crowe ya tuna wa sarkin kisan Akka a gaban sojojinsa, aka saka masa da turu. Wanda ya fi su duka shi ne Robin and Marian na 1976. Sean Connery ne Robin, ya manyanta, ya dawo bayan shekara ashirin yana bin Richard daga wannan yaƙi zuwa wancan. Tun a farkon fim ɗin sarki ya umarce shi ya auka wa wani gidan sarauta da babu kowa ciki sai mata da yara da tsoho guda, saboda jita-jitar zinariya, ya ce ba zai yi ba, ko da za a kashe shi. Da ya dawo Sherwood ya tarar Marian, wato Audrey Hepburn, ta zama shugabar mata masu zaman ibada. Ka ga yadda yake tashi da safe daga kwanan ƙasa yana dafa ƙugu, ka ga yadda shi da hakimi suke haki a karawarsu ta ƙarshe, takobi ya yi wa kowa nauyi. Ya ba Marian labarin Akka da muryar wanda abin bai bar shi ya huta ba. Mutane suna rera waƙoƙin bajintarsa, shi kuma ya san yawancinsu ba a yi ba.

Haka abin yake ga Braveheart na Mel Gibson, 1995, wanda ya ci Oscar biyar. William Wallace na Sikotland mutum ne na gaske, ya ci sojojin Ingila a gadar Stirling a 1297, aka kashe shi a Landan a 1305. Amma fim ɗin ya nuna yaƙin gada babu gada, ya kuma ƙulla masa soyayya da gimbiyar Faransa wadda a lokacin ƙaramar yarinya ce a ƙasarsu. Mai neman tarihi ya nufi littafi. Abin da fim yake riƙe da shi shi ne ƙishirwar mutane.

To, ga amsata, Auwalu. Da muke tafi a zauren tela, yaron nan da ke kan bishiya muke tafa wa, da samun wanda zai tsaya a gindinta ya ce ba za a taɓa shi ba. Talakan Ingila da haraji da dokar daji suka matse ya rasa mai share masa hawaye, sai ya ƙirƙiro shi a waƙa. Ya kuma gindaya masa sharuɗɗa, kuma su nake so ka riƙe. Wa yake tarewa? Ina dukiyar take zuwa? Me yake yi ranar da adalci ya dawo? Robin na fim yana tare mai ƙarfi ya ƙyale manomi, abin da ya karɓa yana komawa ga waɗanda aka ƙwata, ranar da sarki ya yi afuwa kuma ya ajiye baka ya fito daga daji da murna, domin dama ba zaman dajin yake so ba. Ka auna waɗanda suka addabi ƙauyukanmu da wannan mudu. Manomi suke ɗauka a gonarsa, ɗalibai a makaranta, mace da goyonta. Su suke sa wa ƙauye haraji kafin a yi girbi, su suke ƙona rumbu. In da za a sa su a fim ɗin nan, gurbinsu yana wajen mutanen hakimi masu sakin karnuka, mahaifin abokinka kuma yana cikin waɗanda Robin ya nuna wa Marian.

Na san wasu sukan ce ai su ma an zalunce su ne kafin su shiga daji. Ruwa ba ya tsami banza, kuma duk wanda aka ƙwace wa shanu ko aka kashe wa ɗan'uwa ba bisa haƙƙi ba, wajibi ne a bi masa kadinsa. Sai dai zaluncin da aka yi maka ba ya halatta maka jinin maƙwabcinka da bai san hawa ba bai san sauka ba. Duk ranar da ka ji wani ya laƙaba wa ɗan bindiga sunan Robin Hood don ya raba wa wasu 'yan kuɗi, ka yi masa tambayoyin nan uku.

Ba zan matsa maka ka ƙarasa fim ɗin ba. In zuciyarka ba ta so, bar shi, haƙƙinka ne. Amma in kun sami hutu ka zo mu kalli na Connery tare, ni da kai, bayan isha, in sa a dafa mana shayi. Ina so in ga fuskarka a wurin da ya ƙi bin umarnin sarki, in kuma ji abin da za ka ce, domin tambayarka ta koya mini abin da shekara talatin na kallo ba su koya mini ba. Ka zo da abokin naka in zai iya, ko ba don kallo ba, mu gaisa in yi masa jaje baki da baki.

Ka dage da karatu, ka kula da salla a kan lokaci, kada kuma ka yi tafiyar dare in za ka taho. Iyalina duk suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya kuɓutar da duk wanda ke hannun azzalumai.

Wassalam.

Naka,
Kawunka